Ina baƙon da ya zo da marar lafiya zai samu abinci mai kyau a Kaduna?

Maman Walida (Bauchi)

Assalamu alaikum mutanen Kaduna. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san gari ya taimaka.

Wata mai kamawa, in Allah ya kai mu, zan kawo mahaifiyata Asibitin Ido na Ƙasa da ke wajen Mando, za a cire mata yanar ido. Ni da ƙanena ne 'yan rakiya. An riga an gaya mana mu zo da shirin zama, domin sai sugan jikinta ya daidaita kafin a taɓa idon, bayan aikin kuma akwai komawa a duba. Ba mu da dangi na kusa a garin. Masauki za mu kama, kuma wanda ƙanena ya samo ba a yarda a kunna risho a ɗaki ba. Ke nan safe da rana da dare, duk abincin saye ne.

Ni da ƙanena ba mu da matsala, ko garau-garau muka samu mun ƙoshi. Damuwata Inna ce. Tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma a gida ni nake girka mata da hannuna: tuwon acca ko na dawa, miyar kuka ko ta zogale, gishiri ɗan kaɗan, babu magi sai daddawa. Ba ta cin ɗumame. Ga ta tsohuwa mai alkunya, ba za ta taɓa zama a benci cikin maza ta kai loma baki ba, gara ta wuni haka nan, alhali mai ciwon suga ba a barinsa da yunwa.

Na shiga TikTok da Facebook ina neman wuraren cin abinci a Kaduna. Abin da nake ta gani shi ne matasa a gaban tebur an jera musu faranti fal, su ɗanɗana wannan su ɗanɗana wancan, su ce babu irinsa a garin. Ban ci karo da ko mutum ɗaya da ya ce miyar ta yi gishiri ko naman bai dahu ba. Ni 'yar Bauchi ce, cikin masa na tashi, kuma wata masar da na ga ana ta yabo, daga ganin yadda ta kumbura ta yi jawur na san yis da suga aka cika mata. Na koma taswirar Google, can kuma taurari ne birjik, amma sharhin kalma biyu ne ko uku, wani an rubuta shi shekaru da suka wuce.

To ku da kuke cikin garin, yaya baƙo zai gane wurin da zai amince wa cikinsa da na tsohuwarsa? Akwai inda ake yin abincin gargajiya mai tsafta wajen Mando ko Kawo, wanda za a iya roƙon su rage gishiri? Waɗannan masu bidiyon kuma, akwai na gaskiya a cikinsu ko duk talla ce?

Direban Kawo

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Hanyarku nake bi: Bauchi, Jos, Jengre, Saminaka, Pambeguwa, a fito Mararraban Jos a shigo Kawo. Bari in fara da na hanya tunda shi za ku fara tararwa. Inda direba ya tsaya da fasinja ba lallai ba ne nan abinci ya fi kyau. A wurare da yawa akwai fahimtar juna tsakanin mai abinci da direbobi, ka sauke mata mota guda, kai ka ci kyauta, wani wurin har da lemo. Sana'a ce, kuma wasunsu abincinsu lafiya lau. Amma in shaida kike so, ki nemi inda direba yake zuwa ranar da ba shi da fasinja, inda zai sa hannu a aljihunsa ya biya. Shawarata, abincin Inna na ranar tafiya ki dafa shi a gida ki zubo a kula. Mararraban Jos akwai nama da shayi har tsakar dare, amma zangon manyan motoci ne, hayaniya da ƙura, ba wurin zaman tsohuwa ba ne.

In kun shigo gari, abin da za ki riƙe shi ne lokaci. Kaduna garin ma'aikata ne da sojoji da ɗalibai, abinci ma agogonsu yake bi. Koko da ƙosai da waina daga bayan asuba zuwa hantsi. Tuwo da shinkafa suna sauka wajen sha biyu, zuwa ƙarfe biyu an ci rabi. Wanda ya je bayan la'asar ƙarshen tukunya zai tarar, sai ya fita yana cewa wurin ba kyau, alhali shi ne bai zo kan lokaci ba. Bayan magariba kuma filin masu tsire ne da balangu da gasasshiyar kaza. Ranar Juma'a ki saya kafin a tafi masallaci, don rumfuna da yawa suna rufewa, in an sauko kuma cunkoso ne.

Taswirar nan kada ki dogara da ita sosai. Tun 2019 da aka fara aikin sabunta birni aka faɗaɗa tituna, aka sake gadar Kawo, aka rushe kasuwanni irin su Kasuwar Barci aka sake gini. Masu abinci da yawa sun tashi daga inda aka san su. Waya za ta kai ki wuri ki tarar da kwalta ko shagon siminti.

In za ki tambayi mai Keke Napep, kada ki ce masa ina ne wurin abinci mai kyau, zai ɗauke ki zuwa mai tsada mai nisa. Ki ce masa, kai ina kake cin na rana? Haka za ki tambayi masu gadi da masu shara da nas-nas na asibitin. Su kullum a unguwar suke ci, da kuɗinsu, kuma in wuri ya taɓa ɓata musu ciki sun sani.

Hajiya Mai Tuwo (Tudun Wada)

Jikata ce ta karanto mini tambayarki, ita kuma take rubuta abin da nake faɗa.

'Yata, sannu da ɗawainiya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Na yi sana'ar abinci tun masaƙun Kakuri suna aiki, lokacin da in an tashi aikin safe ma'aikata suke fitowa su cika titi, kowa da kwanonsa. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000 na dawo Tudun Wada, nan na ci gaba har ƙafa ta gaza na bar wa yara. Ba zan ce ki zo wurinmu ba, mun yi miki nisa da Mando, abinci zai huce a hanya. Abin da na sani kawai zan gaya miki.

Ki bar neman wurin da ya fi ko'ina a Kaduna. Mai jinya ba yawon ɗanɗano ya zo yi ba. Mace ɗaya za ki nema kusa da masaukinku, wadda take girki da hannunta ko take tsaye a kan masu girkin, ki ƙulla da ita har ku tafi.

Yadda za ki zaɓe ta kuwa, gidan abinci kamar gidan aure ne, ba a falo ake gane shi ba sai a madafi. Ki je da hantsi, kafin mutane su taru, ki yi sallama ki zagaya baya. Ki dubi inda ake wanke kwanuka. In baho ɗaya ne tun safe, ruwan ya yi kauri, da shi ake wanki da shi ake ɗauraya, ki yi mata fatan alheri ki wuce. In kin ga na sabulu daban, na ɗauraya daban, ana zubarwa ana sakewa, to ki zauna. Ki dubi ruwan wanke hannu, buta ake zuba wa mutum ko kwano ɗaya kowa yake tsoma hannu? Ki dubi mai karɓar kuɗi, ita ce take kama malmala da hannun nan? Tukwane a rufe suke? Man suya ya yi baƙi ko da sauran haskensa? Duk wannan ba sai kin tambayi kowa ba, idonki zai gaya miki.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi. Ki tsaya ki ga abin da yaran rumfar suke ci in yunwa ta kama su. In daga tukunyar da ake sayarwa ake zuba musu, ita ma uwar ɗakin nan take ɗiba, hankalinki ya kwanta. In kin ga an aiki yaro ya sayo musu wani abu a waje, akwai dalili.

Kada babbar tukunya ta ruɗe ki. Na fi yarda da mai ɗora matsakaiciya ta ƙare ta sake ɗora wata, a kan mai dafa ta wuni guda tun asuba. Wurin da za a ce miki abinci ya ƙare, ki dawo gobe da wuri, shi ne wurin da ba a kwanan miya. Miyar taushe da ta agushi, duk mai gyaɗa ko kabewa, ba sa jure zafin rana, in suka daɗe sai su fara tsami suna kumfa a gefe. Kuka da busasshiyar kuɓewa sun fi haƙuri. Nama kuma ki tambaye ta kai tsaye, na yau ne? Mu nan daga kwatar Zango muke ɗaukowa da safe, kuma duk mai abincin kirki za ta gaya miki mahaucinta ba tare da ta ɓata rai ba.

To in kin same ta, ga yadda za ku yi. Kada ki zo tsakar rana layi ya yi tsawo ki ce a ba ki miya marar magi, babu ita, tun a ruwan nama aka zuba komai. Ki same ta a natse, ki gaishe ta, ki ce Yaya ko Hajiya, uwata ce ba lafiya, likita ya hana ta gishiri da magi. Ki roƙe ta ta riƙa ɗibar wa Inna ruwan miya a ƙaramar tukunya tun kafin ta sa kayan ɗanɗano, ta kaɗa mata kukarta daban. Aiki ne ƙari, itace ne ƙari, don haka ke za ki fara cewa za ki ƙara mata wani abu, kada ki jira ta nema. Ban taɓa ganin mai abincin da aka zo mata da maganar uwa cikin ladabi ta ƙi ba. Ni kaina na yi wa masu jinya da yawa haka, wasu har yau in sun shigo gari sai sun zo mun gaisa.

Acca ba kowace rumfa take tuƙawa ba, don tana da tsada kuma tana da aiki, sai an rairaye ta sosai saboda yashi. Ki saya da kanki ki kai mata. Ana samu a Kasuwar Gumi da Bakin Dogo, ranar Talata kuma kasuwar Kawo tana ci, kusa da ku. In za ki iya ma ki taho da wankakkiya busasshiya daga gida, kin rage mata wahala. Ki nuna mata girman malmalar da Inna take ci sau ɗaya, ta gani da idonta.

Maganar zama cikin maza, rumfuna da yawa suna da labule ko ɗan ɗaki a ciki inda mata suke zama, sai an tambaya ake nunawa. Amma ga wadda aka yi wa aikin ido, ni dai ƙanenki ya riƙa kai kula da safe yana karɓowa, ta ci a ɗakinta a natse.

Shi ƙanen naki in ya fita neman tsire da dare, ya sa a mayar masa da shi kan wuta a gabansa ya yi zafi sosai, kada ya karɓi wanda aka jera ya huce. In zai ɗan kawo wa Inna, balangu marar kitse, kuma a bar yajin, don akwai gishiri da magi a cikinsa.

Ɗan Malali

Anti, ina cikin masu ɗaukar bidiyon abinci da kike magana, don haka bari in ba ki amsar wannan ɓangaren. Gaisuwa ga Hajiya, abin da ta faɗa babu na yarwa.

Yawancin abin da kike gani talla ce. Mai wuri ne yake gayyata, ya san ranar da za a zo, a gyara ko'ina, kuku ya yi girki na musamman, a biya mai bidiyo ko a ba shi abinci kyauta. Talla ba laifi ba ce in an faɗa cewa ita ce, matsalar ita ce ba a faɗa. Amma ana ganewa. In kin ga mutum ɗaya da faranti ya fi abin da zai iya ci, wurin babu kowa sai shi, mai wurin yana tsaye a gefe yana murmushi, lambar waya tana yawo a ƙasan bidiyon, ba a nuna inda aka biya kuɗi ba, to gayyata ce. Masu yi da gaske suna nan, ba su da yawa. Suna zuwa ba sanarwa, su bi layi, su biya, kuma za ki ji sun ce shinkafar ta yi amma miyar ta cika mai. Wanda bai taɓa kushe komai ba a duk bidiyoyinsa, yabonsa ba zai amfane ki ba.

Taswirar Google kuma akwai yadda ake karanta ta. Ki bar kallon jimillar taurari. Ki shiga sharhin ki zaɓi a jero miki sababbi tukuna, domin gidan abinci yana canzawa da tafiyar kuku ɗaya. Sannan ki karanta na masu tauraro biyu da uku, su ne suka fi yin bayani. In mutum ɗaya ya ce an daɗe ba a kawo masa abinci ba, wataƙila ranar ce ta zo da haka. In mutane daban-daban cikin watanni daban-daban suna maimaita abu ɗaya, gaskiya ne. Hotuna ma ki dubi waɗanda masu ci suka ɗauka da wayarsu, ba na mai wurin ba. Duk farashin da aka rubuta kafin Mayun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur, ki manta da shi.

Sai dai irin matan da Hajiya take kwatantawa, mafi yawansu ba sa kan taswira sam, ba su da allo ma balle shafi. Abin da za ki samu a waya shi ne manyan wuraren zama masu sanyaya ɗaki, irin na titin Isa Kaita da Ahmadu Bello Way da Unguwar Rimi. Suna da kyau ga iyali, mace za ta zauna ba takura, akwai wurin salla a da yawansu. Ranar da Inna ta warware kuna iya kai ta. Amma a irin waɗannan wuraren miya da yawa ake dafawa a ajiye a firiji ana ɗumamawa, kuma mai kawo miki faranti ba shi da ikon ya canza yadda aka yi ta. Tunda Inna ba ta cin ɗumame, ki tambaya yaushe aka dafa.

Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba: mata masu girki a gida suna tallatawa a WhatsApp da Instagram, mai babur ya kawo har ƙofa. Da yake oda suke bi, za su iya yi miki yadda kike so. Ki gwada da kwano ɗaya tukuna, kuma kada ki tura kuɗin mako guda ga wadda ba ki taɓa cin girkinta ba.

Roƙona gare ki, in kun gama lafiya ki rubuta abin da kika gani. Ki faɗi unguwa, ranar da kika je da ƙarfe nawa, me kika ci, nawa kika biya, akwai wurin mata ko babu, sun yarda sun rage gishiri ko sun ƙi. Kullum mutane suna zuwa Kaduna jinya daga jihohi, asibitin ido, na kunne, asibitin sojoji na 44, na Barau Dikko, kuma babu wanda yake rubuta musu irin wannan.

Nas daga Barnawa

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba a asibitin da za ku je ba. Zan ƙara kaɗan a kan maganar Mama Hajiya.

Acca tana da kyau, amma ita ma hatsi ce, in aka ci da yawa suga zai hau. Mai sayar da abinci ta saba cika kwano don a ji daɗinta, to ke ki tsaya a kan ma'aunin gida, miya da ganye su fi tuwon yawa. Lokacin cin ma ya zama ɗaya kullum saboda maganinta. Layin asibiti yana iya ja har azahar, don haka kada ku fita da safe ba ta karya ba, sai in likita ne ya ce a zo haka. Ranar aikin kuwa, abin da suka ce game da ci da shan magani shi za ku bi, ba na kowa ba. Ku taho da na'urar gwajin suga, ku kuma riƙe ɗan abu mai zaƙi a jaka, ko da za ta fara gumi da rawar jiki da jiri, alamar sugan ya faɗi ke nan.

Inda baƙi suka fi faɗawa shi ne abin sha. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na gora an riga an zuba musu suga, kuma ba ki san da wane ruwa aka yi ba. Fura ki sa a dama a gabanki ba suga. Mai shayi ki gaya masa tun kafin ya ɗaga kofi, don hannunsa ya saba, kuma ban da madarar nan mai kauri mai zaƙi. Ruwan sha ya zama rufaffe mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Salak da yankakkiyar kankana ta bakin titi ku haƙura da su, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda aka yi wa aikin ido, domin yunƙurin amai yana takura idon. Hayaƙin murhu da na tukuba da ƙurar titi ma a nisanta ta da su.

In kin samu sarari ke da ƙanenki, ku tsallako kogi wajenmu ku ci gwaten acca. Mu mutanen kudancin Kaduna da na Filato abincinmu ne na gida, da yakuwa da gauta da alayyafo ake yi, ganye ya fi hatsin yawa, kuma zai dace da Inna in aka rage gishiri. Ana samu a unguwannin Kakuri, Barnawa, Television da Sabon Tasha. Daga Mando titin Nnamdi Azikiwe zai kawo ku ba sai kun ratsa cikin gari ba. Ki sayi citta ma ta tsaraba, daga Kachia da Kwoi ake kawo ta. Na san za ki so sanin yankan naman. Ki tambaya a fili, babu mai jin haushi, mun saba, da yawanmu ma wurin mahauta Hausawa muke saye. Wuraren gasa kifi da ake haɗawa da giya kuma daga waje ana gane su, sai ku wuce zuwa na gaba.

Maman Walida (Bauchi)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mama Hajiya, na karanta wa Inna maganarki, ta ce a gaishe ki da jiki. Yadda kika ce haka zan yi, zan taho da accata wankakkiya. Malam direba da Sista, na rubuta naku a takarda.

Ɗan Malali, zan rubuta in Allah ya yarda, amma akwai abin da yake damuna. In wuri ya yi kyau, faɗa ba wuya. In bai yi ba fa? Akwai wata tafiya da muka tsaya a wani gari, aka zubo mana nama ya fara wari, an rufe shi da yaji. Na yi shiru na biya na fita, har yau abin yana raina, don bayanmu wata mota ta tsaya da yara a ciki. Amma kuma ina tsoron in kama sunan mace a intanet in kashe mata kasuwa, wataƙila marayu take ciyarwa. Yaya ake yi?

Ɗan Malali

Anti, ni a ganina a rubuta. Wanda zai zo bayanki shi ma yana da haƙƙi. Sai dai a faɗi abin da ya faru kawai, rana kaza na ci kaza na tarar da kaza, ba zagi, ba ɗaukar fuskar kowa, ba cewa kullum haka suke tunda sau ɗaya kika je. In sun gyara kuma aka koma aka gani, a dawo a faɗa.

Hajiya Mai Tuwo (Tudun Wada)

Ɗana, ban ƙi taka ba, amma akwai abin da yake gaba da rubutu. Ki fara gaya mata, 'yata. Ki kira ta gefe, ba a gaban masu ci ba, ki ce Hajiya ɗanɗana naman nan. Sau da yawa mai rumfa ba ta sani ba, tana can wajen kuɗi, yarinya ce ta haɗa na jiya da na yau don kada a yi mata faɗan asara. Mai mutunci za ta sauke tukunyar nan take, ta mayar miki da kuɗinki, ta gode miki. Wannan ba ta cancanci a kai ta duniya ba.

Gishiri ya yi yawa, tuwo ya yi ruwa, an daɗe ba a sallame ki ba, duk waɗannan na rana ɗaya ne, kowace mai girki tana da irin ranar. Amma ruɓaɓɓen nama daban ne, yana kwantar da mutum, yana iya kashe yaro. In kin gaya mata ta murguɗa baki ta ci gaba da zuba wa mutane, to ki gaya wa na kusa da ke kada su ci, ki gaya wa direban da ya tsaya da ku, in a tasha ne ki samu shugabannin tashar, su suke ba da wurin kuma suna iya hanawa. Bayan haka in kin rubuta, ni ba zan ga laifinki ba.

Jikata ta ce in tuna miki, kula biyu za ki taho da su, ɗaya tana wurin mai abinci ɗaya tana wurinki, kuma ki riƙa wanke taki da kanki da ruwan zafi kafin ƙanenki ya mayar.